Yadda ake lissafin faɗuwar abu da jifa sama, a kuma auna g da noti da wayar hannu

Mangwaron da ya tsinke daga reshe mai tsayin mita 5, sakan ɗaya kacal yake ɗauka ya taɓa ƙasa. A lokacin da zai taɓa ta yana gudun mita 10 a sakan, wato kilomita 36 a awa, kamar Keke Napep a titin Bauchi idan hanya ta yi sauƙi. Ɗalibin da ya gane inda 5 ɗin nan da 10 ɗin nan suka fito ya ci rabin wannan babi na fiziks, babin da ke yawan fitowa a WAEC da NECO da JAMB, kuma wanda zai sake tarar da shi a ajin farko idan ya shiga sashen kimiyya a Jami'ar Jos. Sauran rabin shi ne sanin inda ake sa alamar ɗebewa, kuma a nan ne makin yara ke zubewa.

Abin da g yake nufi

Sakakkiyar faɗuwa ita ce tafiyar abin da babu mai taɓa shi sai jan ƙasa kaɗai: ba hannu, ba igiya, ba inji, turjiyar iska kuma ba ta kai a damu da ita ba. Dutsen da ka jefa sama ma yana cikin wannan hali tun daga lokacin da ya bar tafin hannunka, duk da cewa sama yake yi. Wasu suna kiran jan ƙasa maganaɗisun duniya, amma a aji gara a bar wannan suna, domin maganaɗisu ƙarfe yake kamawa, jan ƙasa kuwa bai bar itace ba, bai bar ruwa ba, bai bar mutum ba.

Harafin g yana faɗin yawan gudun da jan ƙasa ke ƙara wa abu a kowane sakan. Kusan mita 9.8 a sakan ne ake ƙara masa duk sakan ɗaya, ana rubuta shi 9.8 m/s². Adadin da aka tsayar a duniya tun 1901 shi ne 9.80665, amma wuri da wuri ya ɗan bambanta: kusan 9.78 a layin da ya raba duniya biyu, kusan 9.83 a ƙuryar arewa da ta kudu. Hawa tudu ma yana rage shi da kimanin 0.003 a duk mita 1,000. Jos tana kusan digiri 10 arewa da layin tsakiyar duniya, kuma tana bisa tudun da ya kai kimanin mita 1,200, don haka g a nan wajen 9.78 yake. A jarrabawa yawanci za a ce ka ɗauki 10. Duba abin da takarda ta ba ka, ka yi aiki da shi. Da 10 aka yi misalan lissafin da za su biyo baya, sai inda aka faɗi akasin haka.

Saki dutse daga wuri mai tsayi. Bayan sakan 1 gudunsa 10, bayan 2 ya zama 20, bayan 3 ya zama 30. Amma nisan da ya faɗa a sakan na farko mita 5 ne, ba 10 ba, domin daga sifili ya fara, sai a ƙarshen sakan ɗin ya kai 10, matsakaicin gudunsa 5 ke nan. A sakan na biyu ya fara da 10 ya ƙare da 20, matsakaici 15, ya ci mita 15. Na uku 25, na huɗu 35. Idan ka tara su: mita 5, 20, 45, 80. Riƙe waɗannan lambobi huɗu a ka, da su za ka riƙa gane amsar da ta kauce tun kafin ka duba kalkuleta. Raba 5, 15, 25, 35 da biyar, za ka ga 1, 3, 5, 7. Galileo Galilei, mutumin Italiya, shi ya bayyana wannan jeri a littafinsa na 1638, bayan ya gwada gangaro da ƙwallo a kan katako mai gangara, saboda ba shi da agogon da zai kama faɗuwar kai tsaye.

Nauyi fa? Buhun dankalin Bokkos da dankali guda ɗaya, idan aka sake su tare daga bayan mota, tare za su dira. Ƙasa ta fi jan buhun da ƙarfi, gaskiya ne, amma kuma buhun ya fi wuyar motsawa daidai gwargwadon haka, sai biyun su kashe juna. A lissafin Newton ƙarfin jan shi ne mg, wato nauyin abin (m) sau g, ƙarin gudu kuma ƙarfi ne a raba da m, sai m ya fita ya bar g. Idan tambaya ta ba ka nauyin dutse alhali lokaci ko tsayi kawai take nema, ajiye nauyin a gefe, ba shi da aiki. A watan Agustan 1971 David Scott na kumbon Apollo 15 ya saki guduma da gashin tsuntsu a duniyar wata inda babu iska, suka taɓa ƙasa tare. A can g kusan 1.6 ne.

Matakan warware tambaya

Mataki na farko, zana hoto, ko da layi ɗaya ne a tsaye. Sa ɗigo a inda abin ya fara, sa wani a inda tambaya take son ya ƙare. Wannan zane na sakan goma shi ne abin da ɗalibai suka fi rainawa, kuma shi ya fi ceton su.

Na biyu, zaɓi alkibla ɗaya ka ba ta alamar tarawa, ka rubuta ta a gefen hoton. Shawarar da ta fi lafiya ita ce sama ta zama +, ƙasa ta zama −, a kowace tambaya, har hannu ya saba. Da zarar ka yi haka, ƙarin gudu ya zama a = −10 daga farkon tafiya zuwa ƙarshenta: abin yana hawa −10 ne, yana ƙololuwa −10 ne, yana saukowa −10 ne. Littattafai da yawa suna koyar da cewa a sa −g wajen hawa, a sa +g wajen sauka. Hakan yana aiki idan tambaya mai hanya ɗaya ce, amma ranar da dutse ya hau ya kuma sauko a tambaya guda, ɗalibin da ya saba da wannan sai ya rikice a tsakiya.

Na uku, jera haruffa biyar a gefen takarda: u gudun farko, v gudun ƙarshe, a ƙarin gudu, t lokaci, s matsawa. Matsawa na nufin tazarar da ke tsakanin ɗigon farko da ɗigon ƙarshe, ba duka hanyar da abin ya bi ba. Idan ya ƙare a ƙasa da inda ya fara, s tana ɗaukar alamar ɗebewa. Idan ya dawo hannun da ya jefa shi, s sifili ce. Cike waɗanda aka ba ka. Kalmomin tambaya suna ɓoye lambobi: "an saki" ko "ya faɗo" na nufin u = 0, "mafi tsayin da ya kai" na nufin v = 0 a wannan wuri. Kafin ka ci gaba, mayar da komai mita da sakan. Santimita a raba da 100, kilomita a awa a raba da 3.6.

Na huɗu, zaɓi fomula. Uku ne ake yawan amfani da su:

v = u + at

s = ut + ½at²

v² = u² + 2as

Ta farko babu s a cikinta, ta biyu babu v, ta uku babu t. Nemi harafin da ba a ba ka ba kuma ba a tambaye ka ba, ka ɗauki fomular da ba ta da shi. Kana buƙatar sanin uku daga cikin biyar ɗin, kuma harafin a yana hannunka tun farko.

Na biyar, warware, ka karanta alamar amsar. Na shida, bi wata fomula ka ga ko za ta kawo ka wuri ɗaya.

Jifa sama ya dawo hannu

An jefa ƙwallo sama da gudun mita 20 a sakan. u = +20, a = −10. A ƙololuwa v = 0, don haka 0 = 20 − 10t, t = 2. Tsayi: 0 = 400 − 20s, s = 20. Hawa sakan 2, sauka sakan 2, jimla 4, kuma yana dawowa hannu da v = 20 − 40 = −20, gudun da ya tafi da shi amma ya juya alkibla.

A ƙololuwar nan akwai tarko. Gudu ya zama sifili na ƙiftawar ido, amma ƙarin gudu yana nan −10. Da a ce shi ma ya zama sifili, da ƙwallon ya tsaya cak a sama bai sauko ba. Tambayoyin zaɓi suna son wannan wuri ƙwarai.

Yanzu a ce, yaushe ƙwallon yake mita 15 sama da hannu? 15 = 20t − 5t². Raba ko'ina da 5 ka jera: t² − 4t + 3 = 0, wato (t − 1)(t − 3) = 0. Amsa biyu, sakan 1 da sakan 3, kuma duka daidai ne: ya wuce mita 15 yana hawa, ya sake wucewa yana saukowa. Kada ka jefar da ɗaya sai tambaya ta fayyace wanda take so.

Jifa daga kan tudu

Wannan ita ce tambayar da ke raba wanda ya gane da wanda ya haddace. Mutum yana tsaye a bakin wani dutse irin waɗanda suka kewaye Jos, tsayinsa mita 25 daga ƙasa, ya jefa tsakuwa sama da gudun mita 20 a sakan, ta hau ta sauko ta wuce shi har ƙasa. Sakan nawa ta yi a iska, kuma da wane gudu ta dira?

Ɗigon farko hannunsa, ɗigon ƙarshe gindin dutse, mita 25 ƙasa da hannun. Saboda haka s = −25, u = +20, a = −10. Ba sai ka raba tafiyar gida biyu ba. −25 = 20t − 5t², wanda ya zama t² − 4t − 5 = 0, wato (t − 5)(t + 1) = 0. Lokaci sakan 5 ne. Amsa ta biyu, −1, tana nuna lokaci kafin a yi jifan, ba ta cikin abin da aka tambaya. Gudun dira: v = 20 − 50 = −30. Gwada da fomula ta uku: v² = 400 + 2(−10)(−25) = 900, wanda tushensa 30 ne. Sun yi daidai.

Wanda ya manta ya sa s = +25 zai sami t² − 4t + 5 = 0, kuma kalkuleta za ta ƙi ba shi amsa, domin yana tambayar yaushe tsakuwar ta kai mita 25 sama da hannu alhali iyakarta 20. Duk lokacin da lamba mai alamar ɗebewa ta faɗo ƙarƙashin alamar √ a irin wannan lissafi, koma kan alamar s da ta a, can kuskuren yake.

Idan aka tambayi duka nisan da tsakuwar ta bi, amsa 65 ce: 20 sama, 20 dawowa, 25 ƙasa. Matsawa kuwa −25. Kuma da mutumin ya jefa ta ƙasa kai tsaye da gudun 20, u = −20, lissafi zai ba da sakan 1 kacal, amma gudun dira 30 ne dai. Dalili a fili yake: wadda aka jefa sama ta dawo daidai hannunsa bayan sakan 4 tana gudun 20 zuwa ƙasa, daga nan tafiyarsu ɗaya.

Akwai 'yar'uwar wannan tambaya. Jirgi mai saukar ungulu yana tashi sama da gudun mita 5 a sakan, yana mita 30 daga ƙasa aka saki ƙunshi. A nan "an saki" ba ya nufin u = 0, domin ƙunshin ya gaji gudun jirgin: u = +5. Zai ƙara hawa mita 1.25 cikin rabin sakan kafin ya juyo. −30 = 5t − 5t² ya ba da t = 3. Wanda ya sa sifili zai sami 2.45, kuma sau da yawa wannan lamba tana zaune cikin zaɓin amsoshi tana jiran sa.

A kula kuma da bambancin "cikin sakan huɗu" da "a sakan na huɗu". Ga dutsen da aka saki kawai, na farko mita 80 ne, na biyu 80 a cire 45, wato 35.

Zurfin rijiya

Ka saki tsakuwa a rijiya, ka ji ƙarar ruwa bayan sakan 2.0. Da g = 9.8, zurfi 4.9 × 4 = mita 19.6. Sai dai ƙarar ma ta ɗauki lokaci kafin ta hauro. Sauti yana gudun kusan mita 340 a sakan, don haka 19.6 ÷ 340 ya ba da kusan sakan 0.06. Cire shi daga 2.0, faɗuwa ta zama 1.94, zurfi ya koma wajen mita 18.5. Sake zagayen sau ɗaya idan kana so, amsar ba za ta ƙara motsi sosai ba.

A aikace, yatsan mai danna agogo ya fi sauti ɓarna. Kuskuren sakan 0.2 yana mayar da amsar mita 16 ko mita 24, saboda lokaci ninka kansa ake yi. Mai son sanin zurfin rijiyar gidansu da gaske, igiyar guga da tef sun fi masa. Kada kuma a kai wannan gwaji bakin tsofaffin ramukan kuza na wajen Bukur da Rayfield. Bakinsu yana zaftarewa, ba wurin leƙe ba ne.

Inda fomula take daina aiki

Duk lissafin nan ya ɗauka babu iska. Ga dutse ko noti da ke faɗuwar 'yan mitoci, wannan zato bai yi nisa da gaskiya ba. Ga takarda, auduga, balan-balan, ko faɗuwa mai nisa, ya rushe. Ɗigon ruwan sama da ya taso daga mita 1,000, da babu iska, zai iso da gudun mita 141 a sakan, sama da kilomita 500 a awa, kuma da damunar Jos ta hana kowa fita. A zahiri manyan ɗigo ba sa wuce kimanin mita 9 a sakan, domin turjiyar iska tana ƙaruwa da gudu har ta yi daidai da nauyi, daga nan gudun ya daina ƙaruwa.

Gwada da hannunka. Saki littafi da fallen takarda tare, littafin zai riga. Sannan ɗora fallen a bisa littafin, ka tabbata bai leƙo gefe ba, ka sake su. Tare za su sauka, takardar a kwance kamar an manna ta, domin littafin ya kare mata iska.

Jin faɗuwa da kunne

Nemi noti takwas masu girma ɗaya daga wajen bakanike ko masu sayar da kayan mota, zare mai ƙarfi guda biyu kowanne ya ɗan wuce mita 2.5, tef ɗin kafinta, da farantin ƙarfe ko murfin tukunya. A zare na farko ɗaura noti a santimita 60, 120, 180 da 240 daga bakin zaren. A na biyu ɗaura a 15, 60, 135 da 240. Waɗannan su ne 15 sau 1, 4, 9 da 16. Kife farantin a ƙasa, hau tebur mai ƙwari wani ya riƙe maka shi, ɗaga zaren har bakinsa na ƙasa ya taɓa farantin kawai, bari ya daina lilo, sannan ka saki.

Zare mai tazara ɗaya zai ba da ƙara mai ƙara sauri, ta farko bayan sakan 0.35, sauran suna bin juna da 0.15, 0.11, 0.09. Zare na biyu, wanda ido ke gani a hargitse, shi zai buga daidai da daidai kamar mai kiɗan ƙwarya, kusan sakan 0.17 tsakanin kowace ƙara. Idan kunne bai raba su ba, ɗauki sautin da waya ka sake saurare. Abin da ke ɓata wannan gwaji shi ne ƙulli ya zame noti ya bar wurinsa, ko bakin zaren ya naɗe a kan faranti. Ƙulla sau biyu ta cikin ramin notin, ka sake aunawa bayan an rataye zaren, domin nauyi yana ɗan miƙar da shi.

Auna g da waya

Kafin komai, ka san saurin hannunka. Wani ya riƙe rula a tsaye, sifilinta tsakanin yatsunka biyu, ya sake ta ba sanarwa, ka cafke. Idan ka kama a santimita 11, sakan 0.15 ka ɗauka. A 20, sakan 0.2. A 30, sakan 0.25. Yawancin mutane wajen 20 suke kamawa. Faɗuwar mita 2 kuwa sakan 0.64 ce gaba ɗaya. Idan ka danna agogo da kuskuren 0.2, g zai fito maka ko'ina daga 6 zuwa 20. Saboda haka a ajiye agogon dannawa, a ɗauki bidiyo.

Kayan aiki: noti babba mai nauyi, zaren ɗinki, ashana, tef, alli, ƙusa, faranti, da waya mai ɗaukar bidiyon da ke rage gudu. Duba saitin kyamara ka rubuta firem nawa, wato hotuna nawa, take ɗauka a sakan. Bidiyo na yau da kullum 30 ne, mai rage gudu 120 ko 240. Da 30, faɗuwar mita 2 firem 19 ce kacal, kuskuren firem ɗaya zai karkatar da g da kashi 10 cikin 100. Da 240, firem 153 ko 154 ce, kuskuren ya sauko kusa da kashi 1.

Zaɓi bango mai haske a tsakar gida inda rana take, amma iska ba ta kaɗawa. Da hunturu, yi shi da hantsi a gefen da gini ya tare iska. A ɗaki mai duhu notin zai fito a bidiyo kamar jan layi, ba za ka gane inda yake ba. Ja layin alli a mita 0.5, 1.0, 1.5 da 2.0, kana aunawa daga saman farantin, ba daga siminti ba. Buga ƙusa sama da layin ƙarshe, rataye notin da zare yadda ƙasansa, ba tsakiyarsa ba, zai yi daidai da layin alli, tunda ƙasansa ne zai fara taɓa faranti. Notin kada ya goga bango.

Kafa wayar a kan kujera ko bulo, nesa da bango kamar mita 3, daidai tsakiyar tsayin, inda za ta ga noti da faranti a hoto ɗaya. Kada a riƙe ta a hannu. Fara ɗauka, sannan a ƙona zaren da ashana sama da notin. Wannan ƙonawa ita ce sirrin gwajin: yatsa yana tura abu ƙasa ko ya ɗan riƙe shi ba da sanin mai shi ba, sai u ta daina zama sifili, wuta kuwa tana yanke zare ba tare da ta ja shi ba.

Bi bidiyon firem bayan firem da kowace manhaja mai yin haka. Rubuta lambar firem da zare ya tsinke da wadda noti ya taɓa faranti, ɗebe, raba da adadin firem na sakan. Misali a tsayin mita 2, firem 154 a raba da 240 ya ba da sakan 0.642. Ninka shi da kansa, 0.412. Tunda h = ½gt², inda h shi ne tsayin faɗuwar, g = 2h ÷ t² = 4 ÷ 0.412 = 9.7. Yi sau biyar a kowane tsayi ka ɗauki matsakaici. Lokutan da ake sa ran gani su ne kusan 0.32, 0.45, 0.55 da 0.64.

Sai giraf, irin wanda ake nema a jarrabawar gwaji. Sa h a tsaye, t² a kwance. Ɗigon za su faɗa wajen 0.10, 0.20, 0.31 da 0.41, su jeru a layi miƙaƙƙe. Ja layin da ya fi ratsa tsakiyarsu da rula, kada ka haɗa ɗigo da ɗigo. Ɗauki wurare biyu masu nisa da juna a kan layin, raba bambancin h da bambancin t², za ka sami kusan 4.9. Wannan rabin g ne, ninka shi biyu. Mantawa da ninkawar nan kuskure ne da ake yawan gani a takardun ɗalibai.

Amsa tsakanin 9.5 da 10.1 aiki ne mai kyau da waɗannan kaya. Idan ta fito ƙasa da 9 a kowane gwaji, ko dai abin da ka saki ba shi da nauyi iska ta riƙe shi, ko ka fara ƙirga daga lokacin da wuta ta taɓa zare maimakon lokacin da ya tsinke. Idan ta haura 11, ka makara wajen fara ƙirga, domin a bidiyo mai firem 240 a sakan, a firem goma na farko notin bai faɗi ko santimita ɗaya ba, ido sai ya ɗauka yana tsaye. Maganinsa a kalli zaren, kada a kalli notin. Idan kuma amsar ta kauce ninki huɗu ko fiye, ka raba da adadin firem da ba shi ne na ɗaukar ba: waya tana ɗauka a 240 ta nuna a 30, wasu wayoyin ma farkon bidiyon da ƙarshensa a gudun yau da kullum suke barin su, tsakiya kaɗai suke ragewa. Don tabbatarwa, ɗauki bidiyon agogon wata waya yana ƙirga sakan, ka ƙirga firem nawa ke tsakanin sakan ɗaya da na gaba, ka yi amfani da wannan adadi wajen rabawa.